Kifin Ado 12 a Shagon Wani Tela a Aboabo: Nazarin Yadda Launinsu Ya Koɗe da Yadda Ya Dawo

Asalin lamarin

Wanda wannan nazari ya shafa tela ne mai shekara 38 da ke da shago a Aboabo, ɗaya daga cikin manyan unguwannin zango na Kumasi a ƙasar Gana. Yana da keken ɗinki 4 da yara 3 masu koyon aiki, kuma kafin shekarar 2023 duk abin da ya taɓa kiwatawa a ruwa bai wuce kifin zinariya 2 a cikin kwalba ba. Sha'awar ta taso masa ne daga hotunan da yake gani a waya na wani kifi mai shuɗin kai da jan ƙirji wanda 'yan kasuwa ke kira pikok, wato ɗawisu, sai ya ƙudura ajiye irinsa a shago domin masu zuwa awo da karɓar ɗinki su sami abin kallo yayin da suke jira. Ni maƙwabcinsa ne, na kuma daɗe ina kiwon kifi a gilashi, amma ban shiga maganar ba sai bayan wata 3 da rabi. Abin da ya faru kafin nan na same shi daga bakinsa da kuma littafin awonsa, domin a shafukan ƙarshe na littafin yake rubuta kwanan wata da kuɗin duk abin da ya saya.

Kifin ɗan dangin karfasa ne. Masana suna kiran dangin siklid, kuma karfasar da ake gasawa a ci da banku a bakin titi tana cikinsa, haka ma kifayen da masunta ke kamawa a tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabashin Kumasi. Shi pikok, wanda sunansa na kimiyya Aulonocara, asalinsa tafkin Malawi ne, tafkin da ke tsakanin Malawi da Tanzaniya da Mozambik, wanda ya fi kowane tafki a duniya yawan jinsunan kifi. Ruwan can yana da ɗan kanwa-kanwa, a ma'aunin pH, wanda ƙasa da 7 ke nufin tsami sama da 7 kuma kanwa, yana kaiwa tsakanin 7.7 da 8.6. A tafkin namiji ne kaɗai ke yin ado. Mace toka-toka ce ko ruwan ƙasa mai ratsi-ratsi, kuma 'ya'yan duka, maza da mata, da kamannin uwa suke tasowa har sai namijin ya fara balaga.

Iri biyun da telan ya nema kuwa babu su a tafkin, a gonakin kiwo aka samar da su. Na farko shi ne OB, mai dabbare-dabbaren baƙi da shuɗi a kan ruwan lemo, wanda aka samu ta hanyar haɗa pikok da wani ɗan uwansa mazaunin duwatsu da ake kira mbuna. Na biyu shi ne wanda ake sayarwa da sunan Dragon Blood, mai jiki ja-ja ba tare da ratsi ba. Dukansu 'yan ruwa biyu ne, kamar jan aku da aka fitar a Taiwan wajen 1986 da kuma filawahon mai ƙullutu a goshi da ya fito daga Malesiya a shekarun 1990, duk da cewa waɗancan daga dangin Amurka ta Tsakiya aka haɗa su.

Sayen kifin, 29 ga Afrilu 2023

Mako guda bayan Ƙaramar Sallah, da kuɗin ɗinkin Sallah a hannu, ya yi ciniki ta waya da wani mai sayar da kifin ado a Ankara, babban birnin Gana. An turo masa bidiyon wani tanki cike da ƙananan kifaye masu tsawon santimita 4 zuwa 5, kowanne yana walƙiya kamar an shafa masa fenti. Ya tambaya ko maza ne, mai sayarwa ya ce: "Alhaji, ai ido ba ya ƙarya, mace ba ta yin wannan kalar." Ya biya sidi 70 kan kowane ɗaya, guda 12, 7 OB da 5 Dragon Blood, aka saka su a leda da iska cikin akwatin kumfa, aka ba motar safe. Sun iso Kumasi bayan awa 6, dukansu da rai.

Tankin da ya tanada tsawonsa santimita 90 ne, faɗinsa 35, tsayinsa 40, wato yana ɗaukar lita 126. Kwana 2 kafin isowar kifin aka cika shi da ruwan burtsatsen gidan, aka zuba farar tsakuwa, aka sa matacin soso guda da famfon iska, aka ɗora shi kan tebur dab da ƙofar shago inda ranar yamma ke bugawa. Babu dutse ko wata maɓoya a ciki, domin yana son a riƙa ganin kifin sosai. Ya yanke ledojin ya juye su kai tsaye. A ranar mutane sun yi ta tsayawa suna ɗaukar hoto, har maigidan da ya ba shi hayar shagon, wani dattijo da kowa ke kira Baba Alhaji, ya sa aka kawo masa kujera ya zauna kallo.

Mako 6 na farko

Tsakanin 5 da 12 ga Mayu kifi 3 suka mutu. Kafin su mutu sun riƙa taruwa a saman ruwa suna haki, ba sa cin abinci, ruwan kuma ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Telan ya ɗauka gajiyar tafiya ce.

Daga mako na 3 ya fara lura cewa shuɗin da ke fuskokinsu yana raguwa. Tela ne, idonsa ya san bambancin launi fiye da na yawancin mutane, kuma abin da ya rubuta a littafinsa ran 20 ga Mayu shi ne: "Suna zuba kamar atamfar banza." Jan da ke kafaɗa ya koma ruwan goro, daga nan ya koma kamar ruwan ƙasa mai haske. Fiffiken baya, wanda a da yake da farin layi a bakinsa, ya dishe. A tsakiyar Yuni duka 9 da suka rage sun koɗe: masu dabbare-dabbare sun riƙe baƙaƙen tabonsu a kan jiki mai toka-toka, sauran kuwa sun zama fari-fari da ɗan ja kaɗan a wuya. Koɗewar ta tafi bai ɗaya a kan dukansu, cikin makonnin nan guda, babu wanda ya tsira da launinsa.

Abin da aka gwada, Yuni zuwa Yuli 2023

Da farko ya zargi abinci. Ya sayi gwangwanin ƙwayar abincin da aka rubuta a jikinsa cewa yana ƙara launi, ya riƙa ba su sau 4 a rana, yaran shago kuma kowa ya wuce sai ya ƙara musu. Da bai ga canji ba cikin kwana 10, sai matarsa ta daka masa busasshen jatan lande irin wanda ake yin shito da shi, saboda wani ya gaya masa cewa shi ne ke sa kifi ja. Garin ya watsu a ruwa, ya kwanta tsakanin tsakuwa, bayan kwana 3 tankin ya fara wari. Ran 24 ga Yuni ɗaya daga cikin kifin ya kumbura ciki, yana fitar da farin kashi siriri kamar zare, ya daina ci, ya mutu bayan kwana 4. Saura 8.

Saboda warin, ya koma wanke tanki gaba ɗaya kowace Lahadi. Yara sukan kwashe kifin a bokiti, a zubar da ruwan duka, a wanke tsakuwa, a matse soson mataci a ƙarƙashin famfo har sai ya fita fes, sannan a cika da sabon ruwa a mayar da su. Bayan kowane wanki kifin sukan yi kwana 2 a kwance a kusurwa, jikinsu ya ƙara yin fari. Ya kuma sayi fitila mai hasken shuɗi da ja ya ɗora a sama. Da dare, idan an kashe wutar shago, kifin sukan ɗan yi kyau a ƙarƙashinta, amma da gari ya waye sai a gan su yadda suke.

Da ya koka wa mai sayarwa, sai aka ce masa abincin da suka saba da shi ne ba ya ba su, aka kuma aiko masa da wani gari mai ruwan ɗorawa a ƙulle cikin leda, babu suna babu takarda, a kan sidi 120. Ya fara ba su ran 3 ga Yuli. Cikin kwana 6 shuɗi ya dawo fuskar kowannensu, a kwana na 10 sun kusa komawa yadda suka zo. Tare da launin sai faɗa ya ɓarke. Kifayen da a da suke yawo tare suka koma kama bakin juna suna juyi, fiffikensu ya yayyage, ran 14 ga Yuli da asuba aka tarar da ɗaya an cinye masa wutsiya yana yawo a gicciye, bai kai azahar ba. Garin ya ƙare ran 16 ga wata, kuma kafin ƙarshen makon farko na Agusta 7 ɗin da suka rage sun sake koɗewa, duka tare, kamar farko. A nan ne ya aiko yaronsa ya kira ni.

Awo da gyara, 12 ga Agusta 2023

Na je da kwalaben gwajin ruwa da ma'aunin zafi da rula. Ruwan tankin ya nuna pH 6.2, amoniya miligiram 1 a lita, naitirait 0.5, zafi digiri 27 da safe da 30 da yamma idan rana ta buga gilashin. Ruwan burtsatsen da kansa ya nuna pH 6.0, kuma kusan babu sinadarin da ke riƙe ma'aunin a cikinsa. Tsawon kifin ya kama daga santimita 5.5 zuwa 6, wato cikin wata 3 da rabi ba su ƙara abin kirki ba.

A tankin da ya zauna daidai, amoniya da naitirait sifili suke nunawa, domin wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna zama a cikin soson mataci suna mayar da amoniyar da kifi ke fitarwa naitirait, sannan su mayar da shi naitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, ba sa kuma aiki sosai a ruwa mai tsami. Wankin Lahadi yana kwashe su kowane mako. Na bayyana masa haka, ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, ashe tsabtar ce ke cutar da su."

Baba Alhaji, wanda yake zaune yana sauraro, ya ce idan tsami ne matsalar a jefa kanwa mana. Maganarsa tana kan hanya, domin kanwa tana kashe tsami, sai dai ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, kuma tana iya ɗaga ma'aunin farat ɗaya. Akwai haɗari a nan wanda ya sa muka bi abin a jere. Amoniya a ruwa mai tsami dafinta kaɗan ne, amma da zarar ma'aunin ya haura 8 sai ta koma guba mai kisa. Don haka muka fara da rage ta: canjin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowace rana har kwana 6, da rage abinci zuwa sau ɗaya. Bayan nan ne muka sayo dakakken ɓawon kawa, irin wanda masu kiwon kaji ke haɗawa a abinci domin ƙwarin ƙwai, muka wanke shi sosai, telan ya ɗinka masa jakar raga muka ajiye kusa da mataci. A sabon ruwa kuma muka riƙa narka ƙaramin cokali guda na sodar masu gashin burodi kan kowace lita 40. Cikin mako 3 ma'aunin ya hau a hankali ya tsaya a 7.8.

Sauran gyaran ba su ci kuɗi ba. An janye tankin daga ƙofa zuwa bangon ciki. An kwashe farar tsakuwa aka zuba wankakken yashi, saboda pikok a yashi yake kiwo, yana tsayawa cik a samansa yana jin motsin ƙananan halittu ta ramukan da ke kansa, sannan ya cusa baki. An jera duwatsu da fasassun tukwane domin wanda aka kora ya sami inda zai ɓuya. Telan ya yanko baƙin yadi ya rufe bayan gilashin. An cire fitila mai launi aka sa fara ta awa 8 a rana. Abinci ya koma sau 2, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti guda, ƙwayar da ke ɗauke da sifirulina, wani irin gansakukan ruwa, da ƙananan jatan lande na teku, ran Juma'a kuma babu ci. Canjin ruwa ya koma kashi ɗaya cikin uku a mako, soso kuma a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin ake ɗan matse shi. An hana yara ƙwanƙwasa gilashi.

Satumba zuwa Nuwamba 2023

A ƙarshen Satumba amoniya da naitirait sun sauka sifili, fiffiken da ya yage ya toho, kifin suna ci da kuzari, amma launi bai motsa ba. Wannan ne lokacin da ya fi yi masa wuya. Sau 2 yana nuna mini saƙon mai sayarwa yana tallata masa wani ƙullin garin, sau 2 ina roƙonsa ya ƙara haƙuri zuwa ƙarshen shekara. Masu zuwa shago da suka ga kifin a farko suna tambaya ko an canza su ne.

Ran 24 ga Oktoba babban yaron shagon ya kira shi: "Masta, zo ka ga bakin wannan." Mafi girma a cikin masu dabbare-dabbare, wanda ya kai santimita 8, ya fito da wani siririn shuɗi a leɓensa na ƙasa, kamar an ja layi da alli. Cikin mako 3 shuɗin ya bazu zuwa kumatu, ya hau bayan kai, bakin fiffiken baya ya yi fari ya kuma yi tsini, ruwan lemo ya fara cika tsakanin baƙaƙen tabon. Ya haƙa rami a yashi gefen wani dutse ya hana kowa zuwa wurin. Sauran 6 ba su canza ba.

A tsakiyar Nuwamba muka kama su ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen hannu muka duba ƙasan cikinsu da madubin ƙara girma. Kafofi 2 ne a wurin, kuma a jikin mace ta bayan ta fi ta gaban faɗi sosai, a jikin namiji kuwa kusan girmansu ɗaya. Muka sami maza 3 da mata 4, a cikin kifin da aka sayar masa da sunan maza zalla.

Hunturu, Disamba 2023 zuwa Janairu 2024

Da hunturu ya sauko, zafin ruwan da asuba ya faɗi zuwa digiri 22, da rana ya koma 27. A makon farko na Janairu fararen ɗigo kamar garin gishiri suka fito a fiffiken kifi 4, suna ta goga jiki a duwatsu, babban namijin ma launinsa ya dusashe. An sayo hita, aka ɗaga zafin da digiri guda a kowace rana har 30, aka riƙe shi haka kwana 12 tare da ƙara iska da gishiri giram 2 a kowace lita, sannan aka sauko da shi 26. Babu wanda ya mutu. Saboda ɗaukewar wuta ya kuma sayi ƙaramin famfon iska mai batir. Namijin ya dawo da launinsa mako guda bayan ɗigon sun ɓace.

Babban tanki da haihuwa, Fabrairu 2024 zuwa Janairu 2025

A Fabrairu ya sa aka haɗa masa tanki mai santimita 120 da 45 da 45, lita 243, aka mayar da tsohon soso da yashi cikinsa domin kada a koma farawa daga tushe. Namiji na biyu, Dragon Blood, ya kai santimita 9 amma har lokacin fari-fari ne, kullum yana rakuɓe a bayan tukunya. Muka yi gwaji: muka bar babban namijin shi kaɗai a tsohon tanki kwana 10. A kwana na 4 na biyun ya fito fili, a kwana na 7 jikinsa ya yi ja kamar gauta nunanniya, fuskarsa da ɗan shuɗi mai haske. Abinci bai canza ba, ruwa bai canza ba. Da aka dawo da babban, bayan an sake jera duwatsu gida biyu da fili a tsakani, na biyun ya rage kaɗan amma ya riƙe gefensa da yawancin launinsa.

Ran 14 ga Afrilu aka ga ɗaya daga cikin matan Dragon Blood ta daina ci, maƙogwaronta ya kumbura, bayan an gan ta tana zagaye da babban namijin a raminsa. Irin wannan kifi a baki uwa ke riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe. An keɓe ta, ran 6 ga Mayu, bayan kwana 22, ta saki 'ya'ya 19, aka raya 16. Dukansu toka-toka suka fito. Tabon dabbare-dabbare ya fara bayyana a jikin 9 tun suna santimita 3, maza da mata, amma shuɗi da ja ba su fito a jikin kowa ba sai da suka kai wata 6 zuwa 7, kuma a jikin maza kawai. A Janairun 2025 maza 7 ne a cikinsu, babu biyun da suka yi kama. Akwai mai tabo da yawa har ya kusa zama baƙi, akwai mai tabo kaɗan a kan rawaya, akwai 2 marasa tabo masu shuɗin kai da jiki ruwan tsatsa, kusa da kamannin pikok na tafki. Babu wanda ya ɗauko uban sak, babu wanda ya ɗauko jan dangin uwar gaba ɗaya.

Da suka yi yawa, wani abokinsa ya ce a zuba ragowar a rafi, ko a tafi da su Bosomtwe ranar yawon buɗe ido. Na hana, shi ma bai so ba. Tafkin nan rufaffe ne, ba shi da mafita, yana da nasa 'yan dangin karfasa da ba a samu a ko'ina ba, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2016. Ya raba wasu daga cikin 'ya'yan ga mutum 4 masu tanki, ya gaya wa kowa cewa 'yan ruwa biyu ne.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina matsala biyu ce ta haɗu ta zama kamar ɗaya, shi ya sa duk maganin da ya gwada ya kuskure. Mutuwar kifin farko da rashin girmansu daga ruwa ne: sabon tanki, tsami, yawan abinci, da wankin da ke kashe masu tace ruwan. Koɗewar launi kuwa ba cuta ba ce. Launin da ya saya tun farko ba nasu ba ne. Kifi mai santimita 4 bai kai shekarun ado ba, mace kuma ba ta yin irin wannan ado ko ta tsufa, amma duka 12 sun zo da shi, waɗanda suka rayu kuma sun zubar da shi tare, sun dawo da shi tare cikin kwana 6 da cin garin nan, sun sake zubarwa da ya ƙare. Wannan ita ce alamar homon na maza, wato sinadarin da ke fito da siffofin namiji a jiki. Sanannen abu ne a kasuwar kifin ado cewa ana ciyar da ƙananan pikok metiltestosteron, wani irin wannan homon, domin su yi launi da wuri su sayu, kuma sinadarin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin da shi masu ƙyanƙyasar karfasa ke mayar da 'ya'yan kifi maza, miligiram 60 a kilon abinci na tsawon mako 3 zuwa 4, saboda namijin karfasa ya fi saurin girma. Faɗan da ya ɓarke a Yuli ma daga nan yake.

Abinci mai ƙara launi bai yi aiki a Yuni ba saboda ba shi ne abin da ya rasa ba. Yawancin ja da rawayan kifi daga karotinoyid suke, sinadarin da jikinsa ba ya iya ƙerawa sai ya ci, don haka jatan lande da sifirulina suna ƙara wa ja ƙarfi, amma a jikin kifin da ya riga ya balaga ya buɗe wannan launin. Shuɗi kuwa ba rini ba ne sam. Wasu ƙananan lu'ulu'u ne a cikin fata ke mayar da haske, kamar yadda ƙyallin shadda ke fitowa daga bugu ba daga rini ba, kuma da na faɗa wa telan haka nan take ya gane dalilin da ya sa babu abincin da zai ba da shi. Baƙin da ke fata shi ne ke taruwa ko bazuwa cikin mintuna gwargwadon tsoro da hasken wuri, shi ya sa farar tsakuwa da rana da kamun bokiti suke ƙara musu fari, baƙin yadi da maɓoya kuma suka taimaka.

Gyaran ruwan da muka yi bai ba kowa launi ba, ya dai bar su sun rayu sun girma har lokacin ya zo. Da ya zo, jinsi ne ya fara tantancewa, sai matsayi, kamar yadda gwajin kwana 10 ya nuna a jikin namiji na biyu. Jini kuma shi ya yanke irin zanen, kuma a wurin ɗan ruwa biyu hoton uba ba alkawari ba ne, domin gadon kakanni mabambanta yana rarrabuwa a jikin 'ya'ya yadda ya ga dama. Ban ga laifin kiwon irin wannan kifi ba muddin an faɗi abin da yake. Abin da nake ganin zalunci ne shi ne a sayar wa mutum mata 4 da sunan maza, sannan a sake sayar masa da garin da zai rufe ƙaryar na mako 3. Da ya ga tankin da kifi ɗaya ko biyu mafi girma ne kawai suka fara shuɗi a leɓe sauran suna toka-toka, da wannan ne tankin gaskiya, kuma da kuɗin 12 ɗin nan da na garin, sidi 960, zai iya sayen maza kaɗan masu santimita 9 da suka riga suka nuna kansu.

Ribar da ya samu ita ce maza 2 masu cikakken launi, waɗanda yanzu suka kai santimita 13 da 12, da kuma 'ya'yan da ya gani da idonsa tun suna toka-toka. Asarar kuwa ba ta tsaya ga 5 ɗin da suka mutu ba. A cikin mata 4, guda ce kawai ta taɓa riƙe ƙwai duk da suna tare da maza 2 masu ƙarfi fiye da shekara, kuma masu kiwo sun daɗe suna ganin rashin haihuwa da tsumburewa a kifin da aka ɗura wa homon yana ƙarami. Namiji na uku bai wuce santimita 7 ba tun Disambar 2023. An gwada keɓe shi kamar yadda aka yi wa na biyu, har mako 5, ba abin da ya fito sai ɗan shuɗi a gefen ido. Yana nan a tsohon tankin mai lita 126 a bayan shago, tare da 'ya'yan da suka rage, kuma 3 daga cikinsu sun riga sun fi shi tsawo.